Tare Sauti da Tsare Sirri a Ofisoshin Kafancan da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

A cikin ofis ne maras lafiya ke gaya wa likita abin da bai gaya wa matarsa ba, mai ƙara ke buɗe wa lauya cikinsa, shugaban makaranta ke tuhumar malami, hakimi kuma ya zaunar da dattawan unguwanni biyu don a kashe wata wuta tun ba ta ruru ba. Dokar ƙasa ta san da wannan. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta wayar tarho. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ɗaure duk mai riƙe da bayanin wani. Sai dai duk waɗannan dokoki bakin ma'aikaci da alƙalaminsa suka ɗaure, ba su ce komai game da bangon ɗakinsa ba. Likita na iya cika alkawarinsa gaba ɗaya, amma mutum goma da ke jere a kan benci a baranda su tashi da labarin duka.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana, cikin harshen Hausa, yadda magana ke fita daga ɗaki da yadda ƙara ke shiga cikinsa, tare da ɗaukar garin Kafancan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna a matsayin misali. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa nauyin bango da toshe kafofi su ne ke tsare sirri, ba kayan laushi da ake mannawa a jikin bango ba, kuma ginin gargajiya ya riga ginin zamani cim ma wannan.

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage. Sauti shi ne duk abin da kunne ya ji. Ƙara sauti ce mai ƙarfi, hayaniya ta taron mutane ce, rugugi da diri na abu mai nauyi ne kamar aradu ko babbar mota, amsa-kuwwa kuwa ita ce komowar sauti bayan ya bugi dutse ko bango. Ta ɓangaren sirri akwai raɗa da ganawa da keɓewa, akwai kuma kishiyarsu, wato laɓe. Abin da ake buƙatar ƙarawa kalmomi biyu ne kawai, domin a rarrabe ayyuka biyu da jama'a suka saba cakuɗawa. Na farko shi ne tare sauti, wato hana shi ƙetarawa daga wani ɗaki zuwa wani. Na biyu shi ne shanye sauti, wato hana shi yawo da amsa-kuwwa a cikin ɗakin da aka yi shi. Kayan da ke yin na farko ba su ne ke yin na biyu ba.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, sunan da aka ciro daga na Alexander Graham Bell. Raɗa takan kai kimanin desibel 30, hira ta yau da kullum kimanin 60 idan an auna daga nisan mita ɗaya, muryar mai fushi 70 ko fiye. Wanda ke wuni a cikin ƙarar da ta kai 85, awa takwas kullum, jinsa na cikin haɗari. Wannan awo ba ya tafiya kamar awon mudu, inda biyu da biyu ke zama huɗu. Idan injin niƙa ɗaya na fitar da desibel 80, aka tayar da na biyu irinsa, jimla 83 ce ba 160 ba. Haka kuma sai an rage desibel 10 kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ragu da rabi.

3.0 Kafancan da Ƙararta

Kafancan gari ne da layin dogo ya raya. A ƙasar Fantswam aka kafa tashar, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau zuwa Jos, aikin da aka kammala a 1927. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, sannan aka miƙa layi daga Kuru har Maiduguri a 1964, sai mahaɗar ta ƙara cika. Ma'aikatan Reluwe daga ƙasar Ibo da ta Yarabawa suka zo suka zauna, fadar Sarkin Jama'a ta komo garin a shekarun 1930, Hausawa da Fulani da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro da Kaninkon suka haɗu a kasuwa ɗaya. Ƙarar garin a wancan zamani ta jirgi ce: jiniya, da karon taragai lokacin da ake haɗa su, da bugun ƙarfe a loko. Ƙara ce mai ƙarfi, amma tana da lokaci, akawu ya san idan ta wuce zai samu shiru.

Tun daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta yi ta ja da baya, ƙarar kuma ta sauya kama. Ta koma ta manyan motoci da 'yan acaɓa, da injin niƙa, da lasifikar masu sayar da kaya da ta wuraren ibada, sannan uwa-uba janareta, wadda ake ajiyewa a gindin tagar ofishin da take bai wa wuta. Wannan ba ta da lokaci. Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya da aka kafa a 1988 ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 1991, magajiyarta NESREA kuma ta fitar da nata a 2009, amma waɗannan sun fi duban mai yin ƙarar, ba ginin da ƙarar ke faɗawa ba.

Akwai wata ƙara kuma da ta fi damun wannan yanki a kan Kano ko Katsina, ita ce ta ruwan sama a kan kwano. Damina a Kafancan da Kagoro da Kwoi da Zonkwa takan faro tun watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan kuma mai yawa ne. Ofishin da ke da rufin kwano da siririn silin, idan ruwa ya kece, dole a ɗaga murya ko a dakata da magana. Wanda ya ɗaga murya don ya rinjayi ruwa, sau da yawa ruwan kan tsagaita ya bar shi yana ihu da sirrin mutane.

Ba ƙaramin abu ba ne a gari irin wannan magana ta fita rabi da rabi. Kafancan ta ga rikici a watan Maris na 1987, ta sake gani a 1999 da 2011, kuma duk wanda ya zauna a garin da ya taɓa shiga irin wannan hali ya san gudun jita-jita. Zaman sulhu na buƙatar ɗakin da mutum zai faɗi mai ɗaci a ba shi amsa, a fito da matsaya ɗaya. Idan mai ɗacin ya riga matsayar isa kasuwa, zaman ya lalace, domin magana zarar bunu ce.

4.0 Soro da Ofis

Maginin gargajiya bai san desibel ba, amma ya bar gini mai riƙe magana. Bangon soro na tubali da birji yakan kai kaurin kamu biyu ko fiye daga ƙasa. Idan aka ɗauki bango mai kaurin santimita 40, kowace murabba'in mita ɗaya tasa za ta kai nauyin kilo 700 ko kusa da haka. Rufin azara da ƙasa shi ma nauyi ne, tagogi kuwa ƙanana ne kuma a sama suke. A ƙasar Atyap da Ham da Kagoro an san ɗakin ƙasa mai siffar ƙwai, da jinka mai tsini wadda ta sauko ta rufe bango. Ita jinka ba ta da nauyin azara, amma ruwan sama ba ya kiɗa a kanta.

Abin da ya fi kauri muhimmanci shi ne tsarin gidan. Baƙo ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Zai tsaya a zaure, idan na kusa ne a shigar da shi shigifa, turaka kuwa sai mai gida da iyalinsa. Ƙofar zaure ta waje da ta ciki ba sa kallon juna, an karkatar da su don ido, amma kunne ma ya sami shamaki. Tsakanin mai jira da mai ganawa akwai ɗaki guda, wani lokaci har da fili. A fada ma haka abin yake, shi ya sa kalmar ganawa ke ɗauke da ma'anar tashi daga inda jama'a suke zuwa wani wuri na ciki.

Ofishin da Turawa suka kawo, irin na Reluwe da na En'e da makarantun mishan, an tsara shi ne don yaƙi da zafi. Ɗakuna ne a jere, dogon baranda a gaba, taga ta fuskanci taga domin iska ta ratsa, sama da ƙofa kuma a bar kafa. Tsofaffin gine-ginen ma da sauƙi, tun da da dutse ko jan bulo aka yi su. Waɗanda suka biyo baya, musamman daga shekarun 1970 lokacin da ma'aikatu da makarantu suka yawaita, sun riƙe tsarin suka zubar da nauyin: bulon siminti mai rami, silin na kwali ko na asbestos, taga mai jerin gilasai da ake ɗagawa a sauke wadda ake kira luba, da ƙofar filawud mai fanko a ciki. Da ma'aikata suka ƙaru sai aka riƙa raba ɗaki ɗaya biyu da katako. Zauren kuwa aka manta da shi, benci ya maye gurbinsa, aka kuma jingina bencin da bangon da ake ganawa a bayansa.

5.0 Hanyoyin da Magana Ke Bi

5.1 Ta jikin bango

Sauti motsin iska ne. Idan ya bugi bango yakan girgiza shi, bangon kuma ya girgiza iskar da ke ɗaya gefen. Gwargwadon nauyin bango, gwargwadon wuyar girgiza shi. Ƙa'idar da masana suka fitar ita ce duk lokacin da aka ninka nauyin bango, abin da yake tarewa na ƙaruwa da desibel 5 zuwa 6. Falle ɗaya na filawud bai wuce kilo 4 a murabba'in mita ba, abin da yake tarewa bai fi desibel 20 ba. Bulon inci tara da aka yi wa filasta ciki da waje yakan tare kimanin 45. Filastar nan ba ado ba ce, domin bulon siminti yana da ƙananan kafofi da iska ke bi, wanda ba a shafe ba yana zubar da sauti kamar rariya.

Lissafin a nan mai sauƙi ne, ko da yake na kusa ne ba na daidai-wa-daida ba. Hira mai desibel 60 idan ta ratsa bango mai tare 45, saura 15, wanda ke ɓacewa a cikin motsin ɗaki. Idan ta ratsa filawud saura 40, wato ana jin ta kalma-kalma.

5.2 Ta saman silin

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita. A yawancin ofisoshi bangon da ya raba ɗakuna a daidai silin yake tsayawa, daga can zuwa kwano fili ne guda tun daga farkon ginin har ƙarshensa. Magana sai ta huda silin ta haye bangon ta sauko a ɗakin maƙwabci. Silin na roba da aka koma yayi, da na kwali, duk ba su da nauyin da za su hana. Mai ofis zai ƙwanƙwasa bangonsa ya ji shi daram ya saki jiki, bai san ta bisa kansa ake sauraronsa ba.

5.3 Ta ƙofa da taga da tsaga

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to sauti ya fi ƙadangare iya neman tsaga. Idan kafar da ke jikin bango ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗinsa, bangon ba zai tare fiye da desibel 20 ba, ko da dutse aka gina shi. Idan kashi ɗaya cikin dubu ce, iyakarsa 30. A ɗauki bango mai murabba'in mita 10 da ƙofa mai faɗin santimita 90, aka bar tazarar santimita ɗaya tsakaninta da daɓe. Wannan 'yar tazara ta kusa kashi ɗaya cikin dubu, ke nan ita kaɗai ta sauko da bangon daga 45 zuwa wajen 30. Idan kuma ƙofar mai fanko ce, mai tare 20, to ko an toshe tazarar, bango da ƙofa a haɗe ba za su wuce 27 ba. Ramin makulli, da inda wayar lantarki ta ratsa, da soket biyu da aka dasa baya da baya, da gefen na'urar sanyaya ɗaki da aka cusa wa kwali, duk ƙofofi ne. Tagar luba kuwa ko an rufe ta a buɗe take, tun da gilasanta ba sa haɗuwa ruf. Sau da yawa tagogin ofisoshi biyu na jere a bango ɗaya, magana ta fita ta wannan ta shiga ta waccan.

6.0 Harshe a Bayan Bango

A nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Bango ba ya tare sautuka daidai da juna. Ya fi ƙarfin sauti siriri, mai kauri kuwa yana ratsa shi. Shi ya sa daga nesa ake jin dukan ganga ba a jin muryar mawaƙi sosai. A cikin magana, wasula da amon maƙogwaro su ne masu kauri: tantanin maƙogwaron namiji na kaɗawa sau 85 zuwa 180 a sakan ɗaya, na mace sau 165 zuwa 255. Baƙaƙe 'yan zuza irin su /s/ da /sh/ da /f/, da fashewar /t/ da /k/ da /ts/, ƙarfinsu na can sama, inda iska ke kaɗawa sau dubbai a sakan. Ke nan bango mai matsakaicin nauyi yakan cinye baƙaƙe ya bar wasula. Wannan ne ma dalilin da ya sa raɗa ba ta ƙetare bango: ba rauninta kaɗai ba ne, a'a, a cikin raɗa tantanin maƙogwaro ba ya kaɗawa, saboda haka ba ta da kaurin da zai ratsa.

Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma waɗannan biyu suna cikin abin da ke tsira. Sanin kowa ne cewa kalangu ba ya furta baƙi ko ɗaya, hawa da saukar murya kawai yake kwaikwayo, amma wanda ya saba yana gane kirarin da ake yi. Mai laɓe a bayan bango a irin matsayin mai sauraron kalangu yake. Yana jin kari, yana jin tsawo, ya san masu maganar, ya san abin da ya kawo su, sai ya cike gurbin baƙaƙen da abin da zuciyarsa ta raya masa. Kalmomin sata da fata, wato ta jiki ko ta dabba, karinsu ɗaya, tsawon wasulansu ɗaya, baƙin farko ne kawai ya raba su, shi ne kuma bango ke fara cinyewa. Haka suka da kuka ta miya. Saboda haka ana iya cewa bangon da ya tare rabin magana ya fi wanda bai tare komai ba haɗari, domin na biyun gaskiya yake fitarwa, na farkon kuwa zato.

Mutanen kudancin Kaduna suna da wata dabara tasu. Tun da Hausa ce harshen kasuwa da ofis, kowa na jin ta, mutum biyu da suka haɗa harshe sukan juya zuwa Jju ko Tyap ko Hyam ko Fulfulde idan magana ta kai inda ba a son a ji. Dabarar na aiki a Kaduna ko Kano fiye da gida, domin a Zonkwa ko Kagoro mai jiran da ke kan benci yana iya jin harsuna uku, Tyap da harshen Kagoro da na Fantswam kuma 'yan uwan juna ne na kusa. Ban da haka, juya harshe a gaban wanda ba ya ji yakan haifar da zargin da ya fi sirrin nauyi.

Wani abin lura kuma shi ne ƙarar gari kanta tana rufa asiri. Magana ba ta fahimtuwa sai ta ɗara ƙarar da ke kewaye da mai sauraro. Ofishin da fanka ke juyawa a barandarsa, janareta na ruri a waje, yana da sirrin aro. Da zarar an ɗauke wuta, ko mai ya ƙare, sai wurin ya yi tsit, muryar da aka ɗaga ta fito fili. Wannan ya nuna cewa rage ƙara da tsare sirri ba kullum suke tafiya tare ba. Wanda ya yi nasarar korar ƙarar titi daga ginin, bai gyara bangon ciki ba, ya ƙara wa mai laɓe kaifin kunne ne.

7.0 Shanye Sauti

Wallace Sabine, malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ne ya fara auna wannan a 1895, lokacin da aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a jin abin da malami ke faɗa. Ya yi ta shigar da matasan kujeru yana fitarwa, yana auna tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya mutu, har ya gano cewa lokacin na ƙaruwa da girman ɗaki, yana raguwa da yawan kayan laushi. Ofis mai mita 4 da 5, tsayinsa mita 3, mai tayil da filasta da teburi ɗaya, sauti na iya yin kusan sakan biyu yana yawo a ciki. Idan aka sa darduma da labule mai kauri da kantar littattafai da kujerun kushin, har abin da ke shanyewa ya ninka sau huɗu, lokacin zai sauko zuwa rabin sakan, ƙarfin amon ɗakin ya ragu da desibel 6.

Wannan riba ce, domin a ɗaki maras amsa-kuwwa mutane kan sassauta murya da kansu. Amma iyakarta ke nan. Kwalin ƙwai da katifar soso da wasu ke mannawa a bango ba su da nauyi, saboda haka ba sa tare komai. Mai ofis zai ji ɗakinsa ya yi laushi ya ɗauka ya rufu, na waje kuwa yana ji kamar da. Soson katifa ma abin tsoro ne, domin yana kama wuta da sauri kuma hayaƙinsa guba ne.

8.0 Gyara Gwargwadon Hali

Mafi arhar gyara ba ya buƙatar siminti. A ɗauke benci daga jikin bangon ganawa a kai shi nesa, domin a fili duk ninka tazara na rage desibel 6. A ajiye teburi nesa da ƙofa da taga. Inda ɗakuna ke jere, a sa ma'ajin fayil ko sito tsakanin ofisoshi biyu masu sirri. Ofishin sakatare da ke gaban na shugaba zaure ne da shigifa a sabuwar kama, muddin ba a mayar da shi ɗakin jira ba.

Daga nan sai toshe kafofi. Kafinta zai iya kewaye bakin ƙofa da roba, ya sa dokin ƙofa a ƙasa don rufe tazara, birkila ya cike ramukan waya da siminti. Hanyar gano kafa ita ce a kashe fitilar ɗaki da rana a rufe ko'ina: duk inda haske ya shigo, sauti na fita. Bayan wannan ne za a sauya ƙofa mai fanko da ta katako zalla, mai kaurin santimita 4 ko fiye, wadda idan ta zauna ruf takan tare wajen desibel 30. Ƙofa biyu da ɗan soro a tsakaninsu sun fi ƙofa ɗaya irinsu nesa ba kusa ba.

Aikin da ya fi kowanne biyan kuɗinsa shi ne ɗaga bangon tsakani ya wuce silin har ya taɓa rufi, a shafe shi, a cike inda ya haɗu da kwano. Sai dai a tsofaffin gine-gine masu silin asbestos wajibi ne a yi hattara, domin yanka shi ko huda shi na tayar da ƙurar da ke lalata huhu bayan shekaru. Inda ginin ba zai ɗauki nauyin bulo ba, kamar a saman bene, ana yin bango mai falle biyu na allon jifsam, kowane falle da nasa katakon, a bar tazara a tsakani a cusa ulun gilashi. Sharaɗin shi ne kada fallayen su taɓa juna, domin ƙusa ɗaya da ta haɗa su gada ce. Ga mai sabon gini kuwa, bulon ƙasa da ake matsawa da inji a ɗan sa masa siminti, irin wanda Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana tallatawa, ba shi da rami kuma yana da nauyi. Jar ƙasa ba ta yi wa yankin ƙaranci ba. Abin da yake so shi ne tushe mai tsayi da rufi mai fitowa waje saboda yawan ruwa. Reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafancan, inda aka ajiye nazarin muhalli da zanen gine-gine, wuri ne da ya dace a auna irin wannan bulo a kan sauti, ba a kan ƙarfi da zafi kaɗai ba.

Taga ita ce mai wuyar sha'ani, domin duk abin da ya hana sauti ya hana iska, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Rufe ɗaki ruf a watan Maris azaba ce. Abin da ya fi dacewa shi ne a toshe tagar da ke kallon baranda ko titi da gilashi mai kauri, a bar ta bayan gini inda ba mai zama, a kuma yi wa iska hanya mai lanƙwasa biyu da aka shimfiɗa wa abin shanye sauti, kamar dai yadda ƙofofin zaure suka karkace. Janareta a gina mata ɗakinta na bulo nesa da ofis, a ɗora ta a kan roba, a bar mata mafitar hayaƙi ta gefen da ba kowa. Shigar da ita baranda ko lungun cikin gini don gudun ɓarayi ya sha halaka mutane, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinta ba ta da wari.

Bayan kowane mataki ana iya gwadawa ba tare da na'ura ba. A zaɓi lokacin da ginin ya fi shiru, a kashe fanka da janareta. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar mai ganawa ya karanta jerin kalmomi ashirin da muryar hira, a cakuɗa masu kari ɗaya irin su sata da fata, sannan ya maimaita da muryar mai fushi. Na biyu ya zauna a inda masu jira ke zama, sannan a ofishin maƙwabci, sannan a gindin taga ta waje, yana rubuta abin da ya ji. Wurin da ya fi samun kalmomi daidai, nan ne aiki na gaba yake. Idan kuma takardarsa ta cika da kalmomin da ba a faɗa ba, bangon na nan a matakin kalangu, sai a ƙara masa nauyi.